Sawun Babur a Kan Tafki

A bangon kicin ɗin Magga akwai ƙusoshi huɗu, uku da hotuna, ɗaya babu komai. Duk hotunan na bishiya ɗaya ne, wadda ta tsiro ita kaɗai a tsibirin tsakiyar tafki. Ga ta lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ga ta kore shar a watannin da rana ba ta faɗuwa, ga ta kuma jawur da kaka. Niilas ne ya ɗauke su, ɗan ƙanwar mijinta, wanda ya fi son yawo da kyamara a kan kowane aiki. Na hunturu ne ya rage, kuma duk sanda ya shigo sai ta nuna masa ƙusar da cokali.

Hoton kuwa yana cikin kyamararsa, kuma bai taɓa ɗaukar wanda ya kai shi kyau ba.

Ranar da rana ta fara leƙowa bayan dogon duhu ya ɗauke shi. Daga gaɓa bishiyar ba ta fito yadda yake so ba, sai ya hau babur ɗin ƙanƙara ya ratsa daskararren tafkin har bakin kogi, inda ruwa ke gudu ta ƙasa. Ya san ƙanƙarar wurin ba ta da kauri, shi ya sa ya wuce a guje, ya tsaya a kan dutse. Abin da ya kau da kai a kansa shi ne ba a buɗe hanya a tafki idan garken bareyin gida na kiwo a kusa. Barewa ba ta son lumewa cikin dusar ƙanƙara. Da ta sami sawu mai tauri sai ta bi, sauran su bi ta. Ko yara sun san haka.

Ba a jima ba bareyin kawunsa Oula, mijin Magga, suka bi sawun. Ƙanƙarar da ta ɗauki babur mai gudu ba ta ɗauki garke ba. Cikin waɗanda suka nutse har da tsohuwar barewa mai ƙararrawa da ke ja musu gaba, da masu ciki da dama.

Tare da Niilas aka jawo gawarwakin da igiya. Oula kuwa tuni ya yanke cewa aikin Heikki ne, maƙwabcinsu mai yawo da baƙi a babur. Ya je har gida ya zage shi, ya kuma rantse zai kai maganar taron makiyaya a hana shi bi ta wurin kiwo, abin da zai kashe masa sana'a. Niilas ya ji duk wannan, amma bai fito ya ce shi ne ba. Sau da yawa ya buɗe hoton zai goge, sai ya ƙare da kallonsa.

Ana gobe taro ya shigo kicin da rana, da ambulan cikin rigar sanyinsa. Magga ta zuba masa kofi, ta jefa cuku a ciki.

"Mai hoto, ka rame," in ji ta. "Ko kyamarar ce ke cinye maka abinci?"

Bai yi dariya ba. Ya ajiye hoton a kan tebur. Magga ta dafa ƙirji: ga bishiyar fari fat, ga jar rana a bayanta, tururi na tashi daga ruwa. Har ta juya wajen ƙusa, sai Oula da ke zaune a gefe ya miƙo hannu ya karɓa, ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Duk wanda ya tashi a bakin tafkin nan ya san wuri ɗaya ne ake tsayawa a ga rana a bayan bishiyar. A gefen hoton kuma ga sawun babur, sabo, ya miƙe har ƙafar mai ɗauka.

"Daga bakin kogi," in ji Oula.

"E, Kawu."

"A gaban 'ya'yansa na zagi Heikki, ka sani?"

Niilas ya ce ya sani. Ya so a yi masa tsawa, ko a kore shi, amma tsohon ya shanye kofinsa a hankali, ya tashi ya ɗauko hula.

"Sa takalminka, ɗan ƙanwata. Kai za ka ƙwanƙwasa ƙofar, ni ina bayanka, don ni ma ina da nawa bayanin."

Magga ta tambaya ko ta jefa hoton a murhu. Oula ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ta rataye shi, ai ya yi kyau, kuma a nan yaron zai riƙa shan kofi.

Kafin Niilas ya gama ɗaure takalmi ta rataye shi, daidai saitin kujerar da yake zama.