Lambun Baba a Hawa na Uku

Shekara goma sha tara ina wanke tankunan ruwa a gidajen mutane, kuma ban taɓa ganin kore a cikin ruwa na ƙyale shi ba. Gansakuka abokiyar gabata ce. In na shiga tanki da buroshi da jarkar kulorin, ba na fitowa sai bango yana ƙyalli. To ni ɗin nan ne aka wayi gari ina tsaye a shagon kifin ado, ina neman a sayar mini da ciyawa in sa a ruwa da hannuna.

Saboda Baba ne. Mahaifina mai renon itatuwa ne, shekara arba'in yana tayar da dashe a lambunsa kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti na kawo shi gidana, hawa na uku a wani bene, inda babu wata ƙasa sai wadda muke shigowa da ita a takalmi. Wata biyu ya yi a kujera ɗaya yana kallon bango. Ya rage magana, sannan ya rage ci. Maiɗakina ta kai masa kwano, ya yi loma biyu ya ture.

Likita ya ce in muka dawo bayan wata guda nauyinsa ya sake raguwa, sai dai a sa masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. A mota Baba ya ce mini, da bakinsa da ya karkace, "Ba za a sa mini ba." Na san halinsa, in ya ce a'a an gama. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba ko a cikin tanki mafi zurfi.

Abu ɗaya na lura da shi ranar. A ɗakin jira na asibitin akwai akwatin gilashi na kifi, kuma sau biyu Baba ya waiwaya ya kalle shi. Ba kifin yake bi da ido ba, ganyayen da ke ciki yake kallo.

Mai shagon kifin wata dattijuwa ce, hannun rigarta jiƙe sharkaf har gwiwar hannu. Na nuna mata wani ɗan gilashi mai kama da tukunya.

"Wannan za ki ba ni, Mama. Sabon shiga ne ni, gara in fara da ƙarami."

"Duk sabon shiga haka yake cewa," in ji ta. "Ƙaramin ruwa ba ya yafiya, ɗana. Ka yi kuskure kaɗan, kafin ka juya ya lalace. Babba shi ke ba mutum lokaci ya gane wautarsa."

Na buɗe baki zan yi gardama, don ba na son a koya mini ruwa, sai na tuna a wajen aikina ma ƙananan tankuna ne ke fara wari. Na haɗiye maganata.

"Wa zai riƙa kallo?" ta tambaya. "A tsaye ko a zaune?"

Na gaya mata komai. Ba ta yi mini dogon jaje ba. Ta jawo wata gajeriyar kujera ta ce in zauna daidai yadda Baba ke zama. Daga nan ƙasa, dogayen akwatunan da suka burge ni ba su nuna mini komai sai hasken fitila. Amma akwai wani mai faɗi, gajere, tsawonsa kamar hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu, wanda ya zo daidai idona.

Wallahi ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Daji ne sosai a ciki. Ga wasu ganyaye dogaye sirara suna rausaya a hankali ba tare da iska ba, ga wata shuka mai faffaɗan ganye ta kama wani guntun itace da saiwoyinta, ga wata gajera ta shimfiɗu a ƙasa kamar darduma. Haske yana saukowa ta tsakaninsu yana yawo a kan tsakuwa. Ni da na ƙare ƙuruciyata a cikin ruwa, ban taɓa sanin yana iya riƙe abu mai kyau haka ba.

Irinsa ta haɗa mini: akwatin, da fitila, da ɗan injin tace ruwa, da baƙar ƙasa, da shuke-shuke kala uku da ta ce ba su da fushi. Kifi kuwa ta hana ni ƙememe.

"Sai bayan sati huɗu, in ruwan ya zauna. Kuma ka ji ni da kyau, zai yi muni kafin ya yi kyau. Kada ka taɓa shi."

Na gyaɗa kai irin yadda masu gida ke gyaɗa mini in na ce su riƙa rufe murfin tanki. Hankalina yana kan sati huɗun nan, waɗanda su ke nan gare ni.

Na kafa akwatin a gaban kujerar Baba, gefen taga. Na dasa komai yadda aka nuna mini. Ya kalla, ya mayar da idonsa kan bango. Kwana uku abin ya yi kyau. A na biyar ruwa ya yi hazo. Kafin kwana goma ganyaye suka fara yin rawaya, suna narkewa suna yawo kamar jiƙaƙƙiyar takarda, wani kore-kore mai santsi ya fara kama gilashin. Baba kuwa yana nan a kan lomarsa biyu.

Rana ta goma sha biyu na dawo daga aiki da wuri, na tsaya na kalli abin, raina ya ɓaci. Na kawo wa mutumin da ke neman dalilin rayuwa akwatin ruɓaɓɓen ganye ya zauna yana kallo! Na ɗauko bokiti da buroshi da jarkar kulorin. Abin da na iya ke nan, in kwashe komai in wanke tas a huta.

Na ɗaga murfi ke nan sai na ji an buga sanda a ƙasa.

"Kai!"

Wata biyu rabon da in ji Baba ya ɗaga murya haka. Maiɗakina ta fito daga kicin a guje da ludayi a hannu.

"Baba, sun mutu ne," na ce. "Bari in share maka."

"Matso da ni."

Muka tura kujerar har gwiwarsa ta taɓa tebur. Ya miƙa wa maiɗakina hannunsa na hagu, mai lafiyar, ta naɗe masa hannun riga. Ya tsoma shi a ruwan har gwiwar hannu. Ya lalubi gindin wata shuka da ba ta da sauran ganye ko ɗaya, ya ɗan ja ta. Ta ƙi fitowa. Ya kau da ƙasar gefenta da ɗan yatsa, sai ga saiwoyi farare fes, sun fi waɗanda na dasa tsawo sau biyu. A tsakiyarsu wani ɗan tsiro ya leƙo, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Ta kama," in ji shi. Kalmomin suna fita da ƙyar, amma suna fita. "Dashe… sai ya zubar da tsohon ganye. Ɗan mai lambu, bai san wannan ba."

Maiɗakina ta tuntsire da dariya tana share ido da bayan hannu. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na tura jarkar kulorin bayan ƙofa da ƙafa.

Daga ranar aikin ya bar hannuna. Baba ke nuna ruɓaɓɓen ganyen da za a cire, shi ke cewa a rage awannin fitila don gansakuka ta ja baya. Ni ɗan aike ne kawai. Amma kwano yana komawa kicin kusan yadda ya fito, kuma saura kwana tara mu koma wurin likita.

Wata rana da yamma rana ta shigo ta taga ta faɗa kan gilashin. Baba ya kira ni da sanda. Na durƙusa kusa da shi. Ruwan ya yi garau, sababbin ganyaye sun fito, ƙanana, korensu har ɗaukar ido yake. A jikin kowane ganye wasu 'yan ƙwayoyin iska sun taru suna ƙyalli. Daga bakin wani ganye suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, a jere, siriri kamar zare, har saman ruwa.

"Numfashi suke," Baba ya ce a hankali. "Shekara arba'in ina tare da su. Ban taɓa gani da idona ba. Subhanallah."

Maiɗakina ta zo ta tsaya a bayanmu, mu uku muna kallo har rana ta gota daga gilashin.

Sai ya nuna wata doguwar shuka da ta kusa kai saman ruwa, ya ce in yanko kanta. Na yanko da almakashi na miƙa masa. Ya sa hannu a ruwa zai dasa reshen a wani fili da ke gaba. Hannun ya kama rawa. Reshen ya kuɓuce ya taso sama. Ya sake kamawa, ya sake kuɓucewa. Na miƙa hannu zan taimaka, ya harare ni, na janye.

Ya fito da hannun yana ɗigar ruwa, ya daɗe yana kallonsa, fata da ƙashi. Sannan ya juya wajen maiɗakina.

"'Yata, hannun nan ba ƙarfi," ya ce. "Ina kwanon nan na ɗazu? Ɗumamo mini shi."