Man Gyaɗa a Kuloci

Na'Allah na shan koko a ƙofar ɗakin da suke zaune a Sabon Birni wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa Hajo ce daga Tsamaye, inda sai an hau tudun bayan gari ake samun sabis. Tana haki, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Yaya, jikin Inno na. Tun asuba ko ruwa ba ta amsa ba, sunanka ɗai taka kira. In za ka taho, taho yanzu."

Wata bakwai rabonsa da mahaifiyarsa. Ranar da 'yan bindiga suka kore shanun unguwarsu ya kwashi matarsa Mairama da yara ya dawo gari. Ya yi, ya yi Inno ta biyo su, ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya cika a ciki. Ransa ya ɓaci, a gaban mutane ya ce to ta zauna, in wani abu ya same ta kada a neme shi. Tun daga ranar maganar take cin sa. Kullum cewa yake gobe zai je ya durƙusa ya nemi gafara, kuma goben ba ta zo ba.

Mota ba ta bin hanyar sai ranar kasuwa. 'Yan kabu-kabu kuwa da ka ambaci Tsamaye sai su kau da kai, don babur ne abin da mutanen daji suka fi so. Abin da Na'Allah ke da shi keke ne, wanda ya ɗaura wa ɗan inji da wani falke ya kawo daga Maraɗi. Yana ji da shi ba kaɗan ba. Tashinsa babu wuya: ka matse hannun kuloci inji ya saki taya, ka taka feda har keke ya ɗauki gudu, ka saki hannu, inji ya kama.

Ya fito da shi daga bayan ɗaki, inda ya yi sati uku a jingine saboda rashin fetur. Ya juye kwalba ɗayar da ya ɓoye don irin wannan rana, ya matse kuloci, ya tura. Tayar baya ta ƙi juyawa, sai jan ƙasa take yi. Ya sake matsewa har yatsunsa suka yi fari. Inji ya riƙe taya gam.

Yana cikin haka sai ga Malam Wakili, abokin marigayi babansa, wanda shi ma gudu ya kawo shi gari. Yana kan tsohon kekensa mai kukan sarƙa, ya ɗaure bakin wando da igiya.

"Na ji labarin Inno. Tashi mu tahi, ɗana."

"Yi gaba, Baba. Ɗan gyara na, za ni cim maka kahin ka kai gulbi."

Tsoho ya dubi keken, ya dubi rana, ya taka abinsa.

Na'Allah ya fara da wayar kuloci, ko ta saki ne. Ya ja ta da filaya, ya ɗaure noti, ba abin da ya canza. Ya kama ɗan ƙarfen da wayar ke ja a jikin inji, ya ji shi a sandare. Ya kwance murfin gefen hagu. Ƙusar da ke shiga ta ture farantin kuloci ta kafe a raminta, wani baƙin danƙo ya rufe ta. Mairama da ke riƙe masa notoci a tafin hannu ta sunkuya ta shinshina.

"Malam, wanga ai warin man gyaɗa na."

Shi ma ya sani. Watan jiya wurin ya riƙa ƙara, giris ya ƙare, Mairama na tuyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida, ya ɗebi cokali biyu ya ɗura. Har da yi mata ba'a wai man nata ya fi na kanti. Man ya sha zafin inji, ya sha ƙasa, ya zauna sati uku ya zama ƙaro.

Ya ɗaga tayar baya ya ja keken har rumfar Abbas mai gyaran injin ban-ruwa. Abbas ya leƙa sau ɗaya ya girgiza kai.

"In sauri kaka yi, cire sarƙar inji ka taka da ƙahwa. Awa biyu da rabi kana gida."

"In ya tashi minti arba'in na. Ai saura kaɗan."

Wannan saura kaɗan ita ta cuce shi, kuma duk wanda ya taɓa gyara ya san ta. Suka jiƙa ƙusar da kalanzir, suka jira. Abbas ya riƙa ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma har ta motsa. Da ta fito, ɗan ƙwallon ƙarfen da ke bayanta, wanda bai fi ƙwayar wake ba, ya faɗo ya ɓace cikin rairayi. Manya biyu suka durƙusa suna tankaɗe ƙasa da yatsu. Na'Allah ya kira Hajo sau uku, wayar ba ta shiga. Nan ya so ya cire sarƙar, sai ya lissafa: ya riga ya ɓata awa biyu, in ya taka yanzu ya yi asarar su a banza. Ya ci gaba da tonon ƙasa.

Suka samo ƙwallon, suka mayar, kuloci bai saki ba. Suka buɗe murfin dama, ashe farantin ma ya manne. Abbas ya sassauta notin tsakiya, ya sa bakin sukudireba ya ɓamɓare shi, ya goge da tsumma. Ana kiran azahar taya ta juya. Kafin su gama mayar da komai, rana ta karkata.

Inji ya tashi a taki na biyar, kuma bai taɓa daɗin tafiya irin na ranar ba. Na'Allah ya wuce gonakin gero da ciyawa ta cinye don ba mai iya zuwa noma, bai cim ma kowa a hanya ba. Yana shiga Tsamaye ya ga maza na dawowa daga gabas, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu na ɗauke da makara babu kowa a kai. Ya kashe inji. A jikin zauren gidansu keken Malam Wakili na jingine.

Hajo na zaune a ƙofar ɗakin Inno, idanunta sun kumbura. Ya durƙusa a gabanta, hannuwansa baƙi ƙirin, warin kalanzir na tashi.

"Yaushe?"

"Ana gab da azahar. Da Baba Wakili ya iso ta ji motsin keke, tab buɗe ido tac ce, Na'Allah na? Munka ce kana hanya."

Sai ya tambayi abin da ya kawo shi.

"Ta ce ta yahe min?"

Hajo ta share fuska da bakin zane.

"Na roƙe ta, Yaya, har sau biyu. Tac ce in bari, ai kana tahe, da bakinta za ta hwaɗa maka."