Naman da Nelida ba ta ci ba

Mutanen ƙauyen Qollpani ne ke biya wa Nelida karatun likitan dabbobi a birnin La Paz. Gonar dankali guda suka ware mata, kowane gida yana zuwa noma, kuma duk shekara sai an yi taro an ɗaga hannu kafin a ci gaba. Saura shekara ɗaya ta gama, ta zo hutu da wani sabon salo: wai ta daina cin nama.

Mahaifiyarta, Mama Felipa, ta dafe ƙirji. "Ke, rufa mini asiri! Gobe fa ake taro. Kowace mace za ta gasa miki ɓeran masar. Ki ƙi cin na mace ɗaya, mijinta ya sauke hannu."

"Mama, su nake yi wa allura kullum. Har suna na raɗa musu."

"Suna! To gobe ki gaishe su a faranti."

A Qollpani ba a mayar da abinci, gara ka zagi mutum. Washegari aka shimfiɗa mayafai a filin makaranta, mata suka yi layi kowace da farantinta. Felipa ta manne wa 'yarta. Nelida ta kai nama baki, ta yi kamar tana tauna, da mai farantin ta juya sai uwar ta cafke ta tura cikin zanen goyonta. Dabarar ta yi kyau, sai dai ba a yi shawara da karnukan gari ba.

Shugaban taro, dattijon da suke kira Tata Hilarion, yana cikin jawabi Felipa ta miƙe da niyyar sulalewa. Karnuka suka rufa mata baya. Wani baƙi mai yagaggen kunne ya ja bakin zanen, sai ga cinyoyi da kawuna sun zubo a gaban kowa.

Matan suka dubi naman, suka dubi Nelida. Felipa ta ga mazan sun fara cusa hannu cikin bargunan da suka yafa, alamar ba mai ɗagawa.

"Ni na sata!" in ji ta. "Yarinya na ci ina warcewa. Kwaɗayi ne, Tata, me zan ce?"

Dariya ta ɓarke. "Kai, Felipa! Da girmanki?" in ji wata tsohuwa. "Shi ya sa 'yar ta rame!" Aka tausaya wa baiwar Allah mai irin wannan uwa, hannaye suka tashi sama har da na wanda bai san me ake zaɓa ba.

Matar da ko albasa ba ta taɓa ɗauka a gonar wani ba, ta koma gida yara na binta suna haushin kare. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Nelida na gefenta tana kuka.

"Share hawayenki," in ji Felipa. "Ki dai ci jarrabawar nan. Ni ce zan zauna da su."