Bangon Tsakiya

Gidanmu ya girmi duk wanda ke cikinsa. Kakan maigidana ne ya gina shi, zamanin da ake yin bango kamar za a tare yaƙi: kauri kamu biyu, ɗakuna kuwa kamar akurki. Da aka raba gado, bangon tsakiya ya zama iyaka. Mu muka samu hagu, Auta ƙanen maigidana ya samu dama, kowa da ƙofarsa. Tun ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Inna, mahaifiyarsu, tana ɗakin sama, wanda ke zaune daram a kan bangon nan. Shekara huɗu ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta, mu ke hawa mu kai mata abinci.

Mu bakwai ne a ɗaki biyu, ga keken ɗinkina. In zan shimfiɗa yadi in yanka, sai wani ya fita waje tukuna. Wallahi na gaji. Akwai wani ɗan rami a jikin bangon, inda mutanen da ke ajiye fitila. Wata rana na zuba masa ido, na ce, "Baban yara, wannan uban kauri me yake tsinana mana? Faɗaɗa mini ramin nan in zuba zare."

Ya ɗauko guduma ya faɗaɗa. Kai, abin ya yi kyau! Sai muka buɗe na tukwane, muka buɗe na littattafan yara, na takalma a ƙasa. Ƙarshe muka yi babba wanda keken ke shiga gaba ɗaya, na saka masa labule. Masu kawo ɗinki su yi ta santi, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura, don ni na kawo dabarar. Maigida yana da ƙa'ida guda: ba ya wuce kamu ɗaya. "Rabi namu ne," in ji shi. "Ba mu ci haƙƙin kowa ba."

Abin da ya fara damuna ƙura ce. Kullum da safe sai in tarar da wani farin gari a kan yadin mutane, in kaɗe, in yi wa yara faɗa. Sai ƙofar Inna ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Sai na fara jin tarin matar Auta kamar a bayan kunnena, in ta soya albasa idona ya yi ruwa. Na gani, na ji, amma ban so in gane ba. Wanda ya samu wurin miƙe ƙafa ba ya son dogon bincike.

Ranar da abin ya fito fili, da hantsi ne. Na ɗauki ƙusa zan kafa a cikin ramin keken don rataye almakashi. Bugu ɗaya, ta shige kamar a sabulu. Na zare ta, sai ga haske. Na kafa ido a hujin. Kwanukan matar Auta na gani a jere, a cikin rami irin namu sak, har da labule.

Na ƙwala wa maigida kira.

Maigida ya kira wani tsohon magini. Ya shiga namu, ya zagaya ya shiga na Auta, yana ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ko'ina sai ka ji kamar ganga. Sannan ya fito titi.

"Ku fito da yara," ya ce. "Kada a buga ƙofa."

"Malam, me ke riƙe da benen?" in ji maigida.

"Ni dai ban ga komai ba sai sabo. Kun ci rabinku, sun ci rabinsu. Abin da ya rage bai kai kaurin tafin hannu ba."

Ka ji manyan banza, nan take wa da ƙane suka fara musun wa ya riga wani haƙa. Shekara shida ba su yi magana ba, da wannan suka buɗe baki. Na daka musu tsawa: "Uwarku tana sama!" Suka ɗaga kai gaba ɗaya.

Auta ya zabura zai hau, magini ya riƙe masa riga. Ya ce nauyin ƙato ɗaya ya isa ya rusa bangon. Za a je a samo tsani da igiya a sauko da ita ta taga, amma dole wani marar nauyi ya hau ya jawo ta kusa da tagar, ya bi gefe-gefe. Duk aka juyo aka dube ni. Ban yi gardama ba, ai ni na fara.

Na cire takalmi na hau. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai ɗan abin da zan ratsa. Inna tana kwance a gadonta na ƙarfe, a tsakiyar ɗakin, daidai kan bangon.

"Inna, ki riƙe wuyana. Bangon ƙasa ne ya..."

"Na sani, 'yar nan," ta ce. "Shekara biyu ina jin gudumarsu a ƙashin bayana, ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama."

"Kika yi shiru, Inna?"

"Na ce bari su yi ta haƙa, ko Allah zai sa su haɗu."

Hawaye ya zubo mini, na haushi da na tsoro. Na zura hannu ƙarƙashinta na ɗaga, ko gezau. Na leƙa taga, ba tsani, ba alamarsa, sai 'ya'yanta biyu tsaye kafaɗa da kafaɗa suna kallon sama.

Kofin ruwanta da ke ƙasa ya fara tafiya shi kaɗai, a hankali, ya nufi ƙarƙashin gadon, inda daɓen ya fara lotsawa.