Abdulmuttalib Ya Je Suna Gafasa

Aikin Abdulmuttalib Inuwa ba irin wanda ake taya mutum murnar samu ba ne. Farar hula ne a ma'aikatar tsaro, ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba, amma a ƙasar Gaya da Ajingi an fi tsoron ganinsa a kan ganin mai bindiga. Idan soja ɗan yankin ya rasu a bakin daga, shi ake sanar wa a ɗan ofishinsa na Gaya, shi kuma ya ɗauki ƙafa ya kai labarin gida. Yana da yadda yake yi. Ba ya bari ɗan acaɓa ya kai shi ƙofar gidan, tun daga nesa yake sauka ya taka. Ba ya fara gaida kowa sai liman. In aka miƙo masa ruwa ko goro, sai ya ce a bari tukuna, don shi dai ba ya cin abin gidan da bai sauke wa kayansu ba.

Ƙanwarsa Hanatu, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Gafasa. Lokacin da ɗanta na fari, Mudassir, ya shiga soja, ta ce masa, "Yaya, don girman Allah kada ka ƙara zuwa gidana, sai in aiki ne ya kawo ka." Bai ji haushinta ba, ya san gaskiya ta faɗa. Zumuncinsu ya koma kasuwar Ajingi, su gaisa a tsaye a layin masu gyaɗa kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Shekaru suka yi ta tafiya. Shi kuwa tun da matarsa ta rasu, ba abin da yake so a duniya kamar ya zauna a tsakar gidan ƙanwarsa a zubo masa tuwo.

Sai ga sauye-sauye daga sama. Aka tara su a Kano, wani matashi daga Abuja mai yawan gyara gilashin ido ya yi ta bayani. An sake wa ma'aikatar fasali, in ji shi. An haɗe wannan sashe da wancan, an rage ma'aikata, an sake rubuta aikin kowa. Sanar da iyalan sojoji ya koma hannun sashen sadarwa, kuma ta waya za a riƙa yi, don ya fi sauri. Wasu aka mayar da su wajen kula da motoci, masu furfura irinsa aka ce su je su huta. Aka tafa. Abdulmuttalib ma ya tafa, tun da ya ga ana yi. Ya jira ya ji baƙin ciki ko daɗi, ko ɗaya bai zo ba. Ya miƙa mukullin ofis, ya hau motar Gaya, ya yi barci har gida.

Ba a jima ba matar Mudassir, Juwairiyya, ta haihu. Ya ji a bakin mutane, don ba a aiko masa goron suna ba, kuma ba a saba aikowa ba. Ya ce a ransa, to, kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ya sayi turmin atamfa da sabulu, da sassafe ya hau mota zuwa Ajingi, daga nan ya tari acaɓa.

Amma sabo turken wawa. Suna hango rumfar da aka kafa a ƙofar gidan, bakinsa da kansa ya ce, "Tsaya nan." Ya sauka, ya taka a hankali. An riga an raɗa suna, ana feɗe rago, maza na zaune a kan tabarmi ana raha. Ya ratsa su, ya wuce mijin Hanatu da ke miƙo masa hannu, ya je ya durƙusa gaban liman. Wani ya miƙo masa goro da dabino, sai ya ji kansa yana cewa, "A bari tukuna."

Mai fiɗa ya ajiye wuƙa. Liman ya sunkuyar da kai ya fara salati ƙasa-ƙasa. Maganar ta riga shi shiga cikin gida, guɗar da ake rangaɗawa ta katse a tsakiya. Sai a lokacin ya gane ɓarnar da ya yi, ya ɗaga atamfar yana cewa, "Suna na zo. Wallahi suna kawai na zo." Ba wanda ya kalli atamfar.

Hanatu ta aiko a shigo da shi zaure. Ta tsaya jikin bango, hannuwanta duk garin tuwo. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma kama sunan ɗanta sojan ba, don ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗa ba.

"Faɗi, Yaya. Ina jin ka."

"Ba abin faɗa, Hanatu. An raba ni da aikin. An rushe ofishin gaba ɗaya."

Ta dube shi. "Ke nan yaron yana nan lafiya."

Nan ne ya kamata ya ce e. Kowane mai hankali e zai ce, a sha shagali a watse. Amma mutumin da ya tsufa yana kai gaskiya gidajen mutane, harshensa bai iya lanƙwasa ba.

"Ban sani ba. Yanzu ba a gaya mini."

"To wa zai zo, in abin ya faru?"

"Ba mai zuwa. Waya za su bugo."

"Wayar wa?"

"Wadda ya ba su. Ina jin ta matarsa ce."

Kamar jira take, wayar Juwairiyya ta ɗauki ƙara daga ɗakin jego. Tun asuba take ƙara, 'yan barka ne ke ta kira. Su biyun suka kasa kunne, har suka ji muryar yarinyar tana cewa amin, amin, na gode.

Hanatu ta zauna a kan dakalin zauren, ta goge hannuwanta da zani.

"Yaya, ni fa da kai nake barci. Kullum in gari ya waye na leƙa hanya ban gan ka ba, na san ya kwana da rai. In rana ta faɗi ba ka zo ba, na ci abinci. Inda yake ba waya sai a daɗe, amma ban taɓa damuwa ba, kai nake dubawa. Yanzu me zan duba?"

"Rashin zuwana ba ya nufin komai yanzu," ya ce. "Shi ya sa na ga gara in zo."

"Na ji." Muryarta ba fushi, ba komai a ciki. "Amma ka koma. Ka ci gaba da rashin zuwa. Ni ba a gaya mini an sauya komai ba, kuma ba ka gaya mini ba."

Ya duba ta ƙofar zaure. Ga tsakar gidan nan, ga tabarma a inuwa, ga tukwane a kan murhu suna tafasa. Taku kaɗan ne. Ya so ya ce mata ya gaji da cin abinci shi kaɗai, amma ya ji maganar ta yi nisa, kamar ta wani ce.

"To," ya ce.

Ta karɓi atamfar ta shiga ciki. Ya ji tana ce wa mata lafiya ne, Yaya ne ya biyo hanya. Sai wata ta sake ɗaukar guɗa, ba ƙarfi. Ya fito ya yi wa maza sallama, suka amsa ba tare da sun haɗa ido da shi ba. Ya taka har inda ya sauka ɗazu, ya tsaya jiran abin hawa.

Sai da ya kai Ajingi ya tuna bai tambayi sunan jaririn ba.