Hular Gwadabe

Duk wanda ya san Gwadabe na Kafin Dafga ya san bakinsa ba shi da linzami, ya kuma san a kan wa bakin nan ya fi sauka: Lado na Beli. Mahaifiyar Lado, Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Gwadabe ce. Taubasai ke nan, waɗanda al'ada ta sakar wa mara su yi wa juna tsiya a gaban kowa, ba mai cewa kanzil. Tun suna yara suke abu ɗaya, har furfura ta fito musu ba su gaji ba. Gwadabe ya ce Lado bawansa ne na gado, Lado ya ce shi bai taɓa ganin ubangida mai kai kamar bayan ƙwarya ba. Ko a ina suka haɗu kuwa, kasuwa ko wajen ɗaurin aure, sai Lado ya lallaɓo ta baya ya fizge hular Gwadabe, ya bar sanƙo yana ƙyalli a rana. Ba ya mayarwa sai an fanshe ta da goro.

Bara da kaka, ana tsaka da cirar gyaɗa, Lado ya yanke jiki ya faɗi a gona. Hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin hagu. An sha wahala, an sha addu'a, Allah ya tashi kafaɗunsa. Magana ta dawo, hannu ya dawo, ƙafar ce kawai ta ƙi cikawa, sai dai ya ja ta.

Ranar da aka yi sunan jikan Alhassan, yayan Gwadabe, sai ga Lado an kawo shi a bayan babur. Fitarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Ya sauko da sandarsa ya nufo tabarmi a hankali, wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai sannu, sannu. Gwadabe kuwa ba abin da ya tsana irin shiru. Ya dubi mutumin da ya saba tsere masa da hula a guje yana jan ƙafa, gabansa ya faɗi, ya rasa inda zai sa kansa. Sai ya zari karan dawa daga jikin danga, ya bi bayan Lado, ya karkace kafaɗa, ya shiga jan ƙafar hagu. Allah ya yi shi gwanin kwaikwayo, kuma ranar ya nuna gwanintar har ta yi yawa. Wuri ya kece da dariya. Lado ya waiwayo, ya tsaya ya kalle shi sosai, shi ma ya yi dariya.

Sai da Gwadabe ya koma gida ya shafa kansa, ya ji hularsa tana nan daram.

Bai ɗauki abin da zafi ba sai da ya buga waya bayan kwana biyu.

"Bawana, ya ƙafar? Ko har yanzu tana yajin aiki?"

"Alhamdu lillahi, Malam Gwadabe. Ya iyali? Ya wajen su Yaya Alhassan?"

Malam! Tun da uwarsa ta haife shi, Lado bai taɓa ce masa Malam ba. Gwadabe ya yi ta zungura, Lado yana ba shi amsa cikin ladabi irin wanda ake yi wa suruki, har suka yi sallama. Ya sake bugawa, haka. Ya kuma bugawa, haka. Abin ya soma cin sa a rai. Mutane da yawa suna girmama shi a duniya, amma mutum ɗaya ne tak yake zaginsa da ƙauna, ga shi kuma yana neman rasa shi.

Ya kama zakara, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi Beli. Ya tarar da Lado a zaure da maƙwabta sun zo duba shi. Da ma ya shirya abin da zai faɗa tun a hanya, amma da ya ga jama'a sai tsohon hali ya motsa. Ya durƙusa da zakara a hannu, ya maƙale murya.

"Ranka ya daɗe, yau ubangida ne ya zo ba bawansa haƙuri. A karɓi wannan a yi mini afuwa."

Zaure ya ɗauki dariya. Wani ya ce taubasan nan ba sa tsufa. To, laifin wa? Mutumin da ya shekara hamsin yana wasa, ko kuka ya yi cewa za a yi sabon salo ne. Lado ya yi murmushi, ya sa aka kawo ruwa, ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma.

"Haba, Malam Gwadabe, ai babu komai. An gode da ɗawainiya."

Gwadabe ya zauna a kan sabuwar tabarmar nan yana jin kamar a kan ƙaya yake. Da zai tafi ya shiga cikin gida gaida Gwaggo Kande. Ya same ta a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa gaisuwarsa ba ta ɗago ba.

"Na ji ka kawo zakara."

"Gwaggo, haƙuri na zo ba shi."

"Haƙurin me?"

Gwadabe ya sosa ƙeya.

"Ka ga ni, ba ka ma iya faɗa ba. Gwadabe, yaron nan wata guda ya yi yana koyon tafiya a bayan ɗakin nan, yana dafa katanga, don kawai ya je sunan nan da ƙafarsa. Cewa yake yi sai ya cire maka hula a gaban mutanen garinku. Tun da ya dawo ko masallacin ƙofar gida bai ƙara takawa ba. A ɗaki yake salla." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Ɗauki zakaranka. Ba nama ya rasa ba."

Gwadabe ya ɗauki zakaransa ya fito. A hanya sau biyu yana tsayar da babur ya goge ido, yana ɗora wa iska laifi.

Ranar Laraba ya dawo hannu rabbana, bayan azahar, lokacin da ya san zaure ba kowa. Rukayya matar Lado ta nuna masa bayan ɗakuna da baki. Can ya same shi zaune a kan turmi a inuwar darbejiya, sanda a jingine, yana kallon kaji. Gwadabe bai nemi tabarma ba. Ya zauna a ƙasa dirshan a gabansa.

"Malam Gwadabe, bari a kawo maka abin zama."

"Lado, don Allah ka bar Malam ɗin nan, ka saurare ni. Yau ba wasa ya kawo ni ba." Ya ɗago kai ya dube shi. "Ranar sunan nan na bi bayanka na kwaikwayi tafiyarka. Na sa mutane suka yi maka dariya a kan cutar da Allah ya ɗora maka. Ka sha wahala ka zo da ƙafarka, ni kuma abin da na tarbe ka da shi ke nan. Da na zo ba ka haƙuri ma sai na mai da shi abin dariya. Wannan ba taubasantaka ba ce, zalunci ne. Na cuce ka. Ka yafe mini don Allah."

Lado ya kawar da kai. Wata kaza ta zo ta tsattsagi ƙasa kusa da ƙafarsa ta wuce.

"Ka san ina son a yi mini tsiya ranar," in ji shi daga bisani. "Na gaji da sannu. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Na ce in na je wajen Gwadabe zan ji ni mutum ne. Da zagina ka yi, wallahi da na ji daɗi."

"To me ya..."

"Ban san haka nake tafiya ba." Ya dubi ƙafarsa. "Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ni a raina na kusa warkewa, ɗan ɗingishi ne ya rage. Sai da na waiwaya na gan ka. Ka iya kwaikwayo, Gwadabe. Na ga kaina sarai."

Nan Gwadabe ya kasa riƙewa. Ƙato da shi, mai jikoki, ya sunkuyar da kai hawaye suna ɗiga a kan rigarsa. Ya so ya ce tsoro ne ya kama shi ranar, amma ya ga ba uzuri ya zo kawowa ba, sai ya bar shi a cikinsa.

"Na yafe maka," in ji Lado. "Duniya da lahira."

Gwadabe ya ce ya gode, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don an riga an ce masa babu komai a zaure, ya kuma ga inda abin ya tsaya. Suna nan zaune aka kira la'asar. Ya tashi ya ɗebo ruwa a buta, ya zuba wa Lado ya yi alwala, shi ma ya yi. Sannan ya tsaya a gefensa na hagu, ya ɗan rage tsawo, ya miƙa masa kafaɗa.

Lado ya dubi kafaɗar, ya dubi ƙofa. Ya jawo sandarsa, ya dafa, ya miƙe.

Suka ratsa tsakar gida. Gwaggo Kande ta bi su da ido, hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwaryar gyaɗa. Suka fita zaure, suka hau hanya, ƙafar Lado tana jan layi a cikin rairayi. Mutanen da ke ƙofar masallaci suka juyo, aka soma sannu, sannu. Gwadabe ya ji hannun da ke kafaɗarsa ya yi nauyi, har ya zaci Lado zai ce su koma.

Sai ya ji iska ta bugi tsakar kansa.

"Jama'a, ku matsa," in ji Lado da ƙarfi, yana cusa hula a aljihu. "Na samu sabon jaki, sai dai ba shi da gashi."

Dariya ta tashi, har da liman. Wani ya miƙo goro ya ce a fanshi hular bawan Allah, rana tana dukan sa.

"Bar shi da ita," in ji Gwadabe, yana goge fuska da hannun riga. "Yau ba zan fansa ba."

Haka ya hau babur ya koma Kafin Dafga da kai a buɗe, duk wanda ya tambaye shi ina hularsa sai ya ce tana Beli wajen Lado.