Kukan Kibiya a Hanyar Tabanni

Ranar da Abarshi bakanike ya turo motarsa bakin titi, rabin 'yan tasha sun bar abin da suke yi sun zo kallo. Mota ce doguwa siririya kamar kwalekwale, kujera ɗaya tal, tayoyinta tsirara a waje, irin motocin tseren Turawan da, waɗanda yake kallo a waya har caji ya ƙare. Da hannunsa ya haɗa ta a bayan garejinsa da ke Birnin Gwari, shi da abokinsa Japheth mai walda. Ƙarfen tsohon gado ne ƙashin bayanta. Jikinta gangunan mai ne da aka tsaga aka bubbuga har suka miƙe. Tayoyin na babur ne, sitiyarin kuwa daga Panteka ta Kaduna ya tsinto shi a jikin wata matacciyar mota. Suka shafe ta da jan fenti, suka raɗa mata suna Kibiya.

Abin da Abarshi ya fi ji da shi injinta ne, kuma inji biyu ne. 'Yan gwangwan ne suka kawo masa su daga ƙonannun baburan da aka kwaso a daji bayan an tarwatsa wani sansanin 'yan bindiga. Irin baburan nan ne masu ƙarfi da mutanen daji ke hawa uku-uku su haye dutse ko a jikinsu. Ya kwance su, ya wanke, ya gyara, ya haɗa su a sarƙa ɗaya. Salansar ma ya datse ta gajeriya, don a ganinsa motar tsere ba ta raɗa.

"Alhajin tsere," in ji Japheth yana ɗaura masa hular kwano, "in ka kife, ka faɗa ta gefen hagu. Nan ne waldar ba ta yi kyau ba, kada a gani a ce ni ne."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," Abarshi ya ce yana dariya.

Cikin gari akwai cunkoso, sai ya ɗauki hanyar Tabanni, inda burji ya miƙe ɗoɗar tsakanin gonaki. Kaka ce, kuma tun da aka yi sulhu mutane sun koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Ya taka totur. Kibiya ta yi gurnani, ta zabura, iska ta cika masa baki. Shekara da shekaru yana gyaran motocin wasu, yana jin yadda suke tari da nishi, yau ga tasa tana tsage hanya. Da ya hangi mutane suna gudu a gona, hannu ya ɗaga musu, a zatonsa kallo suke rugowa.

Sai da ya yi nisa ya lura ba hanya suka nufo ba. Baya suka ba ta. Wata mata ta suri yaro ta faɗa cikin dawa. Ga keke yashe a gefen hanya, tayarsa na juyawa ita kaɗai. Ya sassauta, ya juyo.

A kan gada ya tarar da 'yan sa-kai sun gitta itace, bindigoginsu a saiti. Shugabansu Ja'afaru ne ya gane shi, ya sa aka sauke.

"Malam Abarshi, kai ne? Ka gode wa Allah jar mota muka fara gani kafin mu ga kanka. Gungun babura aka ce mana sun fito daga daji. Ƙauye guda ka tayar. An bar tukunya a kan wuta, an bar hatsi a masussuka, tsohuwa ta faɗa kwazazzabo ta karye."

Tsohuwar ba kowa ba ce illa Mama Rebecca, gwaggon Japheth. Ta ɗauko doya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ta ji kukan injin, ta zubar ta ruga.

Aka ja Kibiya zuwa ofishin 'yan sa-kai. Ja'afaru ya ce magana ɗaya ce, a kira 'yan gwangwan su daddatsa ta. Abarshi ya yi roƙo har muryarsa ta dushe. Ya ce zai sa doguwar salansa. Ya ce mutane za su saba. Ya ce ƙarfe ba shi da laifi, wanda ya hau shi ne mai laifi.

"Ni ba malami ba ne," in ji Ja'afaru. "Je ka ga matar da ka karya. Abin da ta yanke shi za a yi."

A hanya Japheth bai ce masa uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da suka san juna.

Sun same ta a gindin mangwaro, mai ɗori ya ɗaure mata hannu da karare da tsumma. Abarshi ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata jaje, ya nemi gafara. Ta amsa ba tare da ɗaure fuska ba. Ganin haka ya samu ƙarfin gwiwa, ya shiga bayani: yadda ya tara ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, yadda babu irinta ko a Kaduna, yadda salansa za ta gyara komai.

Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Ɗana, ka taɓa jin kukanta?"

"Mama, ai ni na haɗa ta."

"A ciki kake. Na ce ka taɓa ji daga gona?"

Ya ce bai taɓa ba.

"To ga abin da nake so. Doyata tana ƙasa, hannu kuma ka gani. Gobe da safe ka je gonata ka haƙa mini. Ka ba hanya baya. Japheth ya hau abin nan naku ya zo ya wuce, kada ya gaya maka lokaci. Ka sa salansar taka ma, doguwar. In ya wuce ka dawo. In ka ce mini a bar maka ita yadda take, ni da bakina zan gaya wa Ja'afaru ya ba ka."

"Shi ke nan, Mama?"

"Shi ke nan. Sai dai kada ka sare mini doya, ku mutanen gari ba ku iya haƙa ba."

Abarshi ya fito yana jin kamar an sauke masa dutse. Wannan ai ba sharaɗi ba ne, kyauta ce. Da yammar nan Ja'afaru ya yarda suka ɗaura salansar wata tsohuwar a-kori-kura, suka tayar, ƙarar ta ragu sosai. Aka kuma aika wa maƙwabtan gonar cewa gobe za a gwada mota, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Da hantsi yana cikin gonar, gindin daji, fartanya a hannu. Da farko kunnensa na kan hanya, yana murmushi, yana jiran ya ji yadda aikinsa ke sauka a kunnen mai sauraro. Shiru. Rana ta ɗaga. Doya kuwa ba ta son gaggawa, sai ka bi ta a hankali, ka tone gefe, ka sa hannu ka lallaɓo. Ya sare ta farko, ya ji kunya, ya mai da hankali kan ta biyu. Gumi ya jiƙa masa riga. A gonar da ke kusa wani magidanci da matarsa suna yankan dawa, suna 'yar gardama a kan wanda ya manta gora a gida. Kurciya na kuka. Can ya manta da abin da ya kawo shi.

Sai ya ji shi, can nesa, siriri kamar ƙudan zuma.

Salansa ta rage ƙara, amma ba ta canja murya ba. Inji biyun ba sa bugawa tare, ɗaya na hawa kan ɗaya, sai ka ji kamar babura ne da yawa a jere, kuma irin baburan nan, ba na 'yan acaɓa ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan a shekarun baya ya san wannan muryar kamar yadda ya san ta mahaifiyarsa. Shi ma ya san ta. Ya taɓa jin ta a hanyar Kaduna, ranar da aka tare motar da ke gabansu, ya kwana biyu ba ya iya riƙe sifana.

Ya san Japheth ne. Ya san motarsa ce, shi ya ɗaure kowane noti a jikinta. Ya faɗa wa kansa haka a fili. Amma ƙafafunsa ba su saurare shi ba. Bai san lokacin da fartanya ta suɓuce ba, bai san lokacin da ya kwanta ba. Ya dai tsinci kansa rub da ciki tsakanin kunya biyu, ƙasa a bakinsa, yana lissafin ta inda zai bi ya shiga duhuwa.

Jar motar ta wuce, ƙarar ta yi nisa, ta ɓace.

Ya ɗago kai a hankali. Magidancin nan yana tsaye ƙiƙam, lauje a hannu, bai gudu ba tun da an gaya masa. Matarsa kuwa ta durƙusa, ta toshe bakin ɗiyarta da tafin hannu, har yanzu ba ta sake ta ba. Babu wanda ya dubi wani. Aka jima kafin mutumin ya sunkuya ya ci gaba da yanka, gardamar gora kuma ba a koma kanta ba.

Abarshi ya zauna a kan kunya ya daɗe. Sannan ya tattara doyar da ya haƙa, ya ɗauka ya nufi ƙauye.

Kibiya na fake a ƙofar gidan Mama Rebecca, Japheth na jingine da ita, Ja'afaru ma ya iso. Mama Rebecca ta dubi doyar, ta ga wadda ya sare, ta girgiza kai. Ta dubi gaban rigarsa da ya yi jawur da ƙasa tun daga wuya har gwiwa. Ba ta yi maganarsa ba.

"To, ɗana? A ba ka?"

Ya tsaya yana kallon motar. Ba zai sake samun inji irin waɗannan ba, ya sani, kuma in babu su abin da ya ji jiya a kan burji ya tafi ke nan.

"Japheth," ya ce, "miƙo mini sifana."

Nan a ƙofar gidan suka kwance inji biyun. Da aka sauke na biyu, ya ce wa Ja'afaru a kai wa 'yan gwangwan, a fasa su a gabansa, kada a sayar wa kowa.

"Gangar jikin fa?" in ji Ja'afaru. Ya juya wajen tsohuwar.

"Jiki bai kore ni ba," ta ce. "Ku ba shi kayansa."

"Me za ka sa mata?" Japheth ya tambaya yana goge hannu. Maganarsa ta farko ke nan gare shi tun jiya.

"Akwai injin ban-ruwa a gareji."

"Da shi ko akuya mai ciki sai ta wuce ka."

"Ta wuce."

Japheth ya shiga ya kama sitiyari, Abarshi ya dafa baya ya tura. Babu inji, motar ta yi sakayau, tayoyin na ɗan ƙara a kan tsakuwa. Suka bi ta gefen gonar dawa. Yarinyar nan ta leƙo ta tsakanin karare, ta ja zanen uwarta tana nuna jar mota. Magidancin ya ɗago, ya ce musu sannu da aiki, Abarshi ya amsa, ya sake sa kafaɗa, don akwai hawa a gaba kafin a kai gada.